Na'urar tsotse danshi mai lita 20: tana aiki a Legas, amma sai a ɗakin da ke rufuwa

Duk wanda ya baro Kano ko Sakkwato ya zauna a Agege, Idi-Araba ko Mile 12 ya san abin da iskar Legas ke yi wa kaya. Shaddar da aka goge aka ninke a sif, bayan wata biyu sai a ɗauko ta da ɗigo-ɗigon baƙi a bakin ninkin. Takalmin fata ya yi furfura, gishiri ya dunƙule a mazubi, ashana ta ƙi kamawa, katifa ta riƙa wani wari da turaren wuta ba ya korewa. Wannan ne ya sa na'urar tsotse danshi, wadda masu shaguna ke kira dihumidifaya, ta fara shiga gidaje da shagunan mutanenmu. Wadda za a duba a nan ita ce mai kwampreso, wato injin sanyi irin na firji, da aka rubuta cewa tana tara ruwa lita 20 a rana. Kamfanoni da dama suna yin ta da fasali kusan ɗaya, ana kuma samun ta a kasuwar Alaba, da shagunan kayan lantarki, da Jumia ko Jiji. Hukuncin a taƙaice: na'ura ce ta ƙwarai, kuma yanayin Legas ya dace da ita fiye da garuruwa da yawa. Sai dai mutane da dama sun saya sun yi da-na-sani, don ba su fahimci lambar da take nunawa a fuskarta ba.

Lambar nan mai alamar kashi cikin ɗari ba ta faɗin yawan ruwan da ke cikin iska kai tsaye. Abin da take faɗi shi ne: daga iyakar tururin da iska za ta iya ɗauka a wannan zafin, kashi nawa ta riga ta ɗauka. Iyakar kuwa tana tafiya da zafi. A digiri 20, kubik mita ɗaya na iska yana ƙoshi da giram 17 na ruwa. A digiri 25 sai giram 23, a digiri 30 giram 30, a digiri 35 kusan giram 40. To idan ɗaki yana digiri 30 kuma ma'auni ya nuna kashi 80, akwai giram 24 na ruwa a kowane kubik mita. Kano a tsakiyar hunturu, da rana, lambar kan faɗo ƙasa da kashi 20; a digiri 30 da kashi 15, giram 4 da rabi ke nan. Bambancin ya haura ninki biyar, shi ya sa wankin da ke bushewa kafin azahar a Arewa yake kwana a igiya a nan.

Daga wannan lissafin ne ake gane abin da ke rikita masu sabuwar na'ura. Iska ɗaya mai giram 24, da la'asar a digiri 32 za ta nuna kusan kashi 70, da asuba a digiri 26 ta nuna kusan kashi 100, alhali ko ɗigo ba a ƙara mata ba. Sanyi ne ya rage mata iyaka. Idan kuma ta taɓa abin da sanyinsa ya yi ƙasa da digiri 26, dole ta ajiye rarar a kansa. Shi ne gumin da ke jikin ledar ruwan sanyi, da hazon da ke rufe tabarau in an fito daga mota mai AC. Na'urar ma da wannan take aiki. Fanka tana jawo iskar ɗaki ta bi ta kan bututu masu sanyi irin na firji, ruwa ya taru ya ɗiga cikin tanki, sannan iskar ta bi ta kan bututu masu zafi ta fito a bushe.

Batun lita 20 ɗin da ke jikin kwali, a nan ne Legas ta yi sa'a. Masu ƙera irin waɗannan sukan auna ƙarfinsu ne a ɗaki mai digiri 30 da danshi kashi 80. A Turai wannan yanayin gwaji ne kawai, ba kasafai gida ke kai wa haka ba, don haka mai ita ba ya ganin rabin abin da aka rubuta. A Legas kuwa, watan Yuni da Yuli, ko Satumba da Oktoba bayan ɗan sararawar ruwa na Agusta, ɗakin da ba AC ba ya nisa da wannan yanayin. Kwanakin farko tanki zai riƙa cika da sauri har mutum ya yi mamaki. Da danshin ya sauko wajen kashi 60, abin da take tarawa yakan ragu zuwa kusan rabi. Wannan ba lalacewa ba ce, alama ce ta cewa ɗakin ya fara bushewa.

Ga wani lissafi da ya kamata kowane mai saye ya yi kafin ya fitar da kuɗi. Ɗaki mai tsawon mita 4, faɗin mita 4, tsayin mita 3, yana da kubik mita 48. A digiri 30 da kashi 80, duk ruwan da ke cikin iskarsa bai wuce lita ɗaya da 'yan kai ba. Don a sauko da shi zuwa kashi 55, abin da za a cire bai kai rabin lita ba. To me ya sa na'urar ke tara lita biyar, lita takwas, ta ci gaba da tarawa? Hanya biyu ce. Ta farko, bango da katifa da kafet da tufafi da katako duk sun sha sun ƙoshi, da iska ta bushe sai su riƙa sako nasu a hankali. Wannan yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ya lafa. Ta biyu ita ce babbar matsalar, wato iskar waje da ke shigowa. Gidajen haya da yawa a Legas tagoginsu na luba ne, gilasai jere da ba sa haɗe baki ko an rufe su, ga rata a ƙasan ƙofa da yatsa biyu za su shiga. Kunna na'urar a irin wannan ɗaki kamar ɗiban ruwa ne da kwando. Tanki zai cika, mai ɗaki ya yi murna, amma lambar ba za ta sauka daga kashi 75 ba, mitar wuta kuma tana ta cin kuɗi.

Saboda haka aikin farko ba na na'ura ba ne. A rufe luba a bi ta da leda mai kauri da salatif, ko a sa labule mai nauyi idan ba za a iya like ta ba. A sa tsumma ko robar ƙasan ƙofa. Ƙofar banɗaki da ta kicin su zauna a rufe. Girki da gas yana zuba ruwa a iska fiye da yadda ake zato: kilo ɗaya na gas idan ya ƙone yana fitar da kusan lita ɗaya da rabi na tururi, ban da na tukunya. Wankin da aka shanya a ɗaki ya kan saki lita biyu ko fiye. Mutum mai barci ma yana fitar da kusan giram 40 a kowace awa ta numfashi da zufa, iyali biyar a ɗaki ɗaya kuwa lissafin ya taru kafin gari ya waye.

Idan ɗaki ya rufu, aikinta abin yabo ne. A ɗakin kwana ko ƙaramin shago mai murabba'in mita 15 zuwa 25, cikin 'yan awanni lambar takan sauko daga 80 zuwa wajen 60. Inda ya dace a saita ta shi ne kashi 55. Fumfuna tana samun gindin zama ne idan danshi ya daɗe sama da kashi 70, hukumar kare muhalli ta Amurka kuma tana ba da shawarar a riƙe gida ƙasa da kashi 60. Masu asma da atishawa su matso zuwa kashi 50, don 'yan ƙwarin ƙura da ke zama a katifa ba sa jure abin da ya yi ƙasa da haka. Amma saita ta a kashi 35 ko 40 a Legas ɓarnar wuta ce tsagwaronta. Ba za ta kai ba, kwampreso kuma ba zai huta ba dare da rana.

Abin da masu sayarwa ba sa son faɗa shi ne ba ta sanyaya ɗaki, ƙara masa zafi take. Duk wutar da ta ci tana komawa zafi a cikin ɗakin, sannan kowace lita ɗaya ta tururi da ta zama ruwa tana sakin zafin da ya kai kusan kashi biyu cikin uku na yunit ɗaya na wuta. Ɗakin da ke rufe yakan ƙaru da digiri ɗaya zuwa uku. Jiki dai yana jin sauƙi duk da haka, don zufa tana bushewa, musamman in akwai fanka. Amma a watan Fabrairu da Maris, lokacin da zafin Legas ke kai ƙarshe, kwana da ita a kunne ba daɗi. Ga kuma ƙararta, wadda ta ɗan fi ta firji saboda fanka. Dabarar da ta fi ita ce a kunna ta da rana in an fita, a rufe ɗaki, a buɗe ƙofofin sif da durowa don iska ta ratsa tufafi, a kashe ta kafin lokacin barci.

Mai AC fa, yana buƙatarta? Sau da yawa a'a. AC ma yana tsotse ruwa, shi ne wanda ke ɗiga ta tiyo a bayan gida, kuma a rimot akwai alamar ɗigon ruwa da ke sa shi mai da hankali kan busar da iska. Inda ake samun matsala shi ne AC ɗin da ya fi ƙarfin ɗaki: cikin minti kaɗan ya sanyaya iska, kwampreso ya tsaya, bai samu lokacin cire ruwa ba, sai ɗaki ya yi sanyi da laima tare. Mafi muni shi ne a bar shi a digiri 18 duk dare, da safe a kashe a buɗe taga. Bango da madubi da tayil sun yi sanyi ƙasa da digiri 26, iskar waje na shigowa sai ta ajiye ruwanta a kansu. Fumfunar bayan sif a gidaje masu AC galibi daga nan take. A bar AC a digiri 24 ko 25, kuma kada a buɗe taga nan take bayan an kashe.

Wuta kuwa, masu lita 20 sukan ci wat 300 zuwa 400. A ɗauki wat 350: awa takwas a rana yunit 2.8 ke nan, a wata yunit 84. A farashin layin Band A (masu samun wuta aƙalla awa 20 a rana) na tsakiyar shekarar 2024, wato ɗan sama da naira 200 a yunit, kuɗin ya kama wajen naira 17,000 zuwa 18,000 a wata. Kowa ya duba nasa farashin ya ninka. A ɗakin da ya rufu da kyau ba za ta yi awa takwas cur ba, don da ta kai lambar da aka saita kwampreso yana tsayawa. Ƙaramin janareta irin na wat 650 zuwa 900 yakan sha wahala lokacin da kwampreso zai tashi, domin a daƙiƙar farko yana jan wuta ninki-ninki. In akwai firji a layin, gara a haƙura. Inda wuta ke zuwa ba ƙarfi, a sa mata sitabilaiza, wat 1,000 ya wadatar. Ƙarancin wuta ne ke ƙone kwampreso: yana ta gurnani ya kasa tashi, ya yi zafi, har wayoyinsa su ƙone. Kuma lallai a nemi wadda ke tashi da kanta idan an dawo da wuta, ta ci gaba daga inda aka saita ta. Wadda sai an danna maɓalli ba ta da amfani ga mai shagon da ya kulle ya tafi gida. Idan an kunna aka ji fanka kawai na minti uku kafin kwampreso ya kama, kada a tsorata, da gangan aka yi haka don kare shi.

Raunin na'urar na zahiri shi ne tanki. Yawancinsu lita 3 zuwa 6 ne, da ya cika na'urar tana tsayawa, wato a damina tana iya yin rabin yini a kashe ba a sani ba. A bayanta akwai ƙaramin baki na tiyo. A ɗora ta a kan benci ko bulo, a sa tiyo ya gangara zuwa magudanar banɗaki ko jarkar lita 25. Tiyon ya gangara kai tsaye, ba lanƙwasa, ba hawa, kuma bakinsa kada ya nutse a ruwa, in ba haka ba ruwan zai koma ya malale a ƙasa. Ruwan da ta tara ba na sha ba ne ko girki, ya bi ta kan ƙura da ƙarfe. Ya yi daidai da goge ƙasa ko kora banɗaki.

Kulawarta kaɗan ce amma ba a wasa da ita. A bar tazarar aƙalla santimita 30 tsakaninta da bango ko labule. Ragar tace ƙura da ke baya a ciro ta duk mako biyu a wanke da ruwa, a bari ta bushe kafin a mayar. A shagon yadi, inda burbushin zare ke yawo, duk mako. Tanki a wanke shi da sabulu, don shi ma yana yin yauƙi. In an kawo ta kwance a mota ko a bayan babur, a tsayar da ita ta yi awanni, gara ma ta kwana, kafin a kunna, don man kwampreso ya koma mazauninsa. Sababbin da yawa gas ɗinsu R290 ne, mai kama wuta, don haka gyaranta sai mai gyaran firji da ya san irinsa.

Mai sayen 'yar gwanjo ya buɗe ido. Waɗanda suka fito daga Turai wutarsu 220 zuwa 240 ce, daidai da tamu. Na Amurka kuwa 110 zuwa 120 ne, da an soka su a soket ɗinmu ba taransifoma sun tafi. A duba takardar da ke manne a baya. A shago a sa a kunna ta minti 15, a ciro ragar, a duba bututun. Mai lafiya za a same su da sanyi da jiƙa daga sama har ƙasa. Idan ƙanƙara ta kama wani lungu ɗaya sauran kuma a bushe, gas ya zube. A zafin Legas babu dalilin da zai sa na'ura mai lafiya ta yi ƙanƙara, in ba ragar ce ta toshe ba. Idan kuma fanka ce kawai ke juyawa bututun ba sanyi bayan minti biyar, a bar musu kayansu.

Akwai wasu 'yan ƙanana marasa nauyi da ake tallatawa a intanet da arha, ba su da kwampreso. Abin da suke tarawa a rana bai cika wuce rabin lita ba, wasu kofi ɗaya. Ga ɗaki, asarar kuɗi ce. Robobin nan masu farin gishiri da ke narkewa ya zama ruwa, da 'yan ƙunshin silika irin na kwalin takalmi, suna da amfani a wuri rufaffe kamar akwati, durowa ko jakar kyamara, ba a fili ba. Silika ana sake busar da ita a obin na gashi a digiri 120 a ci gaba da amfani.

Lambar da ke fuskar na'urar kanta ba a cika dogaro da ita ba, don ma'aunin yana kusa da injinta, yana iya kaucewa da kashi biyar ko fiye. Ƙaramin ma'aunin danshi mai batir, wanda kuɗinsa bai kai komai ba in an gwada da nata, shi ya kamata a fara saye, a ajiye shi mako guda a ɗakin, a duba safe da yamma, sannan a yanke shawara. Gwada gaskiyarsa abu ne mai sauƙi. A cika murfin kwalba da gishirin girki, a ɗiga ruwa har ya jiƙe ba tare da ya narke ba, a sa shi da ma'aunin cikin roba mai murfi ko leda mai zif, a rufe ruf, a bari ya kwana. Iskar ciki za ta tsaya a kashi 75. In ya nuna 80, an san yana ƙara biyar, sai a riƙa cirewa.

Ga 'yan kasuwa, ribarta ta dogara da irin kaya. Mai ajiyar shadda, leshi da atamfa, mai takalma da jakunkunan fata, mai littattafai da takardu, mai magani, mai wayoyi da kwamfutoci, duk in ɗakin ajiyarsu na rufuwa, bandir ɗaya na shadda mai tsada da ya tsira daga fumfuna ya rage musu zafin kuɗinta. A ɗaga kaya daga siminti a kan katako, a janye su daga bango da taki ɗaya. Mai goro kuwa ya nisance ta, goro danshi yake so, bushewa ce ke kashe shi. Albasa ma iska mai ratsawa take buƙata, ba ɗaki rufaffe ba. Masara da gyaɗa da busasshen barkono suna amfana, amma da sharaɗin sun shigo a bushe, masara wajen kashi 13 na danshin cikin ƙwayarta, gyaɗa wajen kashi 7 zuwa 8. Buhun da ya jiƙe a hanya na'urar ba za ta kai tsakiyarsa ba, kuma fumfunar gyaɗa da masara tana haifar da gubar aflatoksin mai illa ga hanta, wadda bushewa daga baya ba ta cirewa. Babban sito mai ƙofar ƙarfe da ake buɗewa duk yini ya fi ƙarfin lita 20. Ko mai lita 50 sai an killace mata wani sashe.

Abu ɗaya da ba za ta taɓa gyarawa ba shi ne ruwan da ke tasowa ta cikin gini. A unguwannin da aka cike fadama aka yi gini, ɗakunan ƙasa sukan nuna alamar: fenti na kumbura yana ɓarewa daga ƙasa zuwa kusan tsayin mita ɗaya, da farin gishiri a jikin filasta. Wannan bangon yana shan ruwa daga ƙasa ne, duk abin da na'ura ta cire zai maye gurbinsa. Gwajin shi ne a manna leda mai faɗin taki biyu a bangon, a like gefunanta huɗu da salatif, a bari kwana biyu. In jiƙa ta fito a fuskar da ke kallon ɗaki, daga iska ne, na'urar za ta yi maganinsa. In ta taru tsakanin leda da bango, maganar ta koma wajen mai gida da magini, haka ma in rufi ne ke yoyo ko famfo ya fashe a cikin bango.

Daga tsakiyar Disamba zuwa Janairu, idan iskar hunturu ta iso Legas, akwai ranakun da ma'auni zai sauko ƙasa da kashi 60 da kansa. A irin ranakun a kashe ta, a buɗe tagogi da rana, a fitar da katifa da darduma su sha iska. In za a ajiye ta na makonni, a zubar da tanki, a bar ta a tsaye yini guda bututun su bushe, a wanke ragar, sannan a rufe ta da ƙyalle saboda ƙura.